Ƙwan ampli, bayas da wutar Yamai: dalilin da ya sa kashi 70 ya yi mana yawa

Mafi yawan masu kaɗa jita a Yamai da Tawa da ampli mai taransista suke aiki, kuma dalilinsu a fili yake: ba shi da tsada sosai, ba shi da nauyi, yana jure ƙura da jijjiga, idan ya lalace kuma kusan duk mai gyaran rediyo a unguwa zai iya leƙa cikinsa. Sai dai ampli mai ƙwai, wanda masu gyara ke kira mai lamp, yana ƙara shigowa hannun makaɗanmu. Wani ya dawo da shi daga rangadin waje, wani ya tsince shi cikin kayan okaziyo, wani kuma ɗakin naɗar sauti ne ya saya domin masu zuwa aiki. Wanda ya taɓa jin yadda wannan ampli ke tausasa kaifin jita, da yadda sautin ke cika ya yi kauri idan aka ƙara ƙarfin yatsa, da wuya ya so komawa baya. Matsalar tana fitowa ne ranar da ƙwai ya gaji. A nemo sabo da kuɗi masu yawa bayan dogon jira, a cire tsohon a cusa shi, ampli ya yi aiki lafiya na ɗan lokaci, sannan ya ƙone ana tsakiyar biki, wani lokacin har ya tafi da taransifoma. Sai a ce ƙwan jabu ne. Sau da yawa ba jabu ba ne: ko dai ba a daidaita masa bayas ba, wato yawan wutar da yake sha yana hutawa, ko kuwa an daidaita shi da ƙa'idar tsayawa a kashi 70 na iyakar zafin ƙwan, lissafin da aka yi domin ƙasashen da wutarsu ba ta hawa da sauka irin tamu.

Kafin a fahimci bayas sai an san abin da ke gudana cikin gilashin. Ƙwan kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta ƙarƙaf. A tsakiyarta akwai wani siririn bututun ƙarfe da ake kira katod, wanda zaren wuta mai bolt 6.3 ke gasawa har ya riƙa sakin ilektaron. A kewaye akwai farantin ƙarfe, shi ne abin nan mai launin toka da ido ke hangowa daga waje, kuma a manyan ampli ana ɗora masa bolt 400 zuwa 500, don haka yake janyo ilektaron ɗin da ƙarfi. Tsakanin su biyu aka naɗa wata siririyar waya da ake kira raga. Idan aka ba ragar bolt na ƙasa da sifili, idan aka kwatanta da na katod, sai ta riƙa korar ilektaron tana rage yawan masu wucewa. Idan aka sassauta mata, su ƙaru. Ɗan motsi kaɗan a kan raga yana haifar da babban motsi a wutar da ke ratsa faranti, kuma a kan wannan aka gina duk aikin ƙara sauti tun lokacin da Lee de Forest ya saka raga cikin ƙwai a 1906. Bayas shi ne bolt ɗin da ke zaune a kan raga lokacin da babu wanda ke kaɗa komai, kuma shi ke yanke yawan wutar da ƙwan zai riƙa sha yana hutawa. Mai babur ya san irin wannan da sunan ralanti: idan ya yi ƙasa inji ya riƙa shaƙewa yana neman mutuwa, idan ya yi sama ya riƙa cin mai yana zafi alhali ba a tafiya ko'ina.

Ƙwayayen ampli gida biyu ne, kuma haɗa su a magana ɗaya shi ne mafarin asarar kuɗi. Akwai ƙanana, waɗanda tsawonsu bai kai ɗan yatsa ba, da ke karɓar raunanan siginar jita su ƙara ta su kuma ba ta launi. Mafi shahara a cikinsu shi ne 12AX7, wanda a Turai ake rubuta masa ECC83. Waɗannan suna daidaita kansu ta hanyar rezistans, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, da ke ƙarƙashin katod, ana cire su a saka wasu ba tare da an taɓa komai ba, kuma sukan yi shekaru da yawa suna aiki. Akwai kuma manya, masu tura lasifika, su ne ke shan zafi kuma su ne ke ƙarewa: 6L6, wanda kamfanin RCA ya fito da shi a 1936, da ƙanensa 6V6, waɗanda aka san Fender da su, EL34 da aka san Marshall da shi, sai EL84 na Vox, wanda siririn jikinsa kan sa a zaci ƙarami ne alhali ƙwan ƙarfi ne. Duk maganar bayas a kan waɗannan take.

Ba kowane raunin sauti ba ne laifin ƙwai, shi ya sa ya kamata a duba kafin a saya. Alamun gajiyar manyan sanannu ne: ƙarfin ampli ya ragu, sautin ƙasa ya yi sako-sako, na sama ya dushe, a riƙa jin tartsatsi, ko fis ya riƙa ƙonewa. A saman gilashin ko a gefensa akwai wani tabo mai sheƙin azurfa da masana'anta ke sakawa domin ya shanye ragowar iska. Muddin yana sheƙi, kwalbar a rufe take. Idan ya koma fari fat, iska ta shiga kuma ƙwan ya mutu. Shuɗin hasken da ake gani a jikin gilashi cikin duhu ba cuta ba ne, kuma abin takaici ne a jefar da lafiyayyen ƙwai saboda shi. Ƙananan kuwa cutarsu daban take, domin sassan cikinsu kan saki su fara ɗaukar girgiza. Ana gane hakan idan aka kunna ampli aka riƙa ƙwanƙwasa su a hankali da fensir ɗaya bayan ɗaya: lafiyayye zai amsa da ɗan sauti kaɗan, mai ciwo kuwa zai yi ƙara mai tsawo ko ya fara kuka ta lasifika. Wanda aka kama shi kaɗai za a canja. Al'adar sayen ƙwayaye gaba ɗaya duk lokacin da ampli ya yi tari ta makaɗan da ke da shagon kayan kiɗa kusa da su ce, ba tamu ba.

Wanda kuma ke neman canjin sauti, ba gyara ba, daga ƙaramin ƙwai na farko ya kamata ya fara, wato wanda ya fi kusa da ramin da ake soka wayar jita, domin duk abin da ya yi wa sigina sauran ampli ƙara shi kawai zai yi. Ƙarfin ninkawar 12AX7 100 ne, na 5751 kusan 70, na 12AT7 60, na 12AY7 kuwa bai wuce 45 ba, kuma dukkansu ƙafafunsu iri ɗaya ne, suna shiga gurbi ɗaya. Wannan yana da amfani ƙwarai ga kiɗanmu. Salon jitar Agadas da Abalak, inda yatsu ke gudu kan igiya ɗaya yayin da wata ke amo a ƙasa, da kuma kiɗan orkes na bukukuwan Yamai, inda jita biyu ke saƙa da juna, duk suna bukatar a ji kowane sauti a rarrabe ko da an ƙure ƙara. Ampli da aka ƙera domin kiɗan rok yakan fara dagulewa tun maɓallin ƙara bai kai rabi ba. Saka 5751 ko 12AY7 a gurbin farko yana jinkirta dagulewar, ya ba makaɗi fili mai faɗi na sauti mai tsabta, ba tare da an buɗe cikin ampli ba. Ba sabon abu ba ne ma, domin Fender Bassman na ƙarshen shekarun 1950 da 12AY7 ya fito a wannan gurbi. A ganina wannan ɗan canji ya fi tasiri a kunne a kan duk muhawarar da ake yi game da wane kamfani ne ya fi iya yin EL34.

Manyan ƙwayaye a mafi yawan ampli bibbiyu suke aiki ko hurhuɗu, an raba su gida biyu: ɓangare ɗaya na ɗaukar rabin igiyar sauti na sama, ɗayan na ɗaukar na ƙasa, taransifomar fita kuma ta haɗa su ta miƙa wa lasifika. A daidai inda ɓangare ɗaya ke miƙa wa ɗayan aiki, dole ne su kasance dukansu suna ɗan shan wuta, in ba haka ba sai a sami giɓi. Idan bayas ya yi sanyi da yawa, wato ragar ta toshe hanya sosai, giɓin nan na fitowa a matsayin wani ƙaiƙayi a sautin, musamman lokacin da amon igiya ke ƙarewa, kuma jitar ta zama siririya marar jiki. Idan ya yi zafi da yawa, sautin kan yi taushi da kauri, amma farantin na shan zafin da ya wuce ƙarfinsa, ƙwan ya tsufa da wuri ko ya narke daga ciki. Abin da ke sa daidaitawa ta zama tilas shi ne ƙwayaye biyu masu lamba ɗaya, daga masana'anta ɗaya, ba sa shan wuta daidai a kan bolt ɗaya na raga. Bambancin na iya zama babba. Saboda haka ne ake sayar da su a gwada, biyu ko huɗu masu hali ɗaya, kuma saboda haka ne reglaj ɗin da ya dace da tsofaffin ba lallai ya dace da sababbin ba.

Ba kowane ampli ke bukatar wannan aiki ba. Wasu, irin su Vox AC30 da Fender Champ da tsohon Deluxe na shekarun 1950, da rezistans a ƙarƙashin katod suke samar da bayas ɗinsu: idan wutar ta ƙaru, bolt ɗin da ke kan rezistans ɗin ya ƙaru ya danne ta, don haka a irinsu saka ƙwayaye gwadaddu ya wadatar. Wasu kuwa, irin su Fender Twin Reverb da Hot Rod Deluxe da Marshall JCM800, wata ƴar da'ira ce ta musamman ke samar da bolt na ƙasa da sifili ta kai shi kan raga, kuma akwai ɗan maɓalli a ciki da ake juyawa da sukurdireba. Akwai rukuni na uku da ke da irin wannan da'ira amma babu maɓallin, kamar ampli na Mesa/Boogie da tsofaffin Fender Blues Junior. A nan ko dai a sayi ƙwayayen da aka zaɓa domin su, ko mai gyara ya canja rezistans ɗaya a da'irar.

A nan dole in tsaya in yi gargaɗi da babbar murya, domin aikin na iya kisa. Manyan kondansater na cikin ampli, masu tara caji, suna riƙe da bolt 400 zuwa 500, kuma suna iya ci gaba da riƙe su bayan an kashe an zare waya daga bango. Mai gyaran da ya saba da rediyo da wayar salula da ampli mai taransista ya saba da bolt da ba su kai haka ba, kuma sabon nan shi ne haɗarin. Ana sauke cajin ta hanyar rezistans, ba da sukurdireba ba, a kuma tabbatar da mita cewa ya sauka. Lokacin awo, ampli na kunne, don haka a maƙala baƙar wayar mita a jikin ƙarfen ampli, a yi aiki da hannu ɗaya, ɗayan na bayan jiki, da takalmi a ƙafa, ba a kan siminti mai laima ba, babu zobe babu agogo. Makaɗin da bai koyi wannan ba ya kai wa wanda ya koya, kuma kada maigidan shago ya bar wa sabon yaro wannan aiki shi kaɗai.

Awon kansa ba shi da wuya. Kowane ƙwai yana da iyakar zafin da farantinsa ke iya ɗauka, ana lissafa ta da wat: EL34 25, 6L6GC 30, 6V6GT 14, EL84 12. Zafin da yake sha yana hutawa shi ne bolt ɗin faranti sau wutar da ke ratsa shi. A ƙwayaye masu ƙafa takwas ana auna bolt ɗin faranti a ƙafa ta 3. Wutar kuwa hanya mafi sauƙi ita ce a saka rezistans mai om 1 tsakanin ƙafa ta 8, wato katod, da jikin ƙarfe, domin duk milibolt ɗaya da mita ta nuna a kansa miliampa ɗaya ke nan. Wasu ampli da shi suke zuwa, akwai kuma wani gurbi na musamman da ake sakawa tsakanin ƙwai da mazauninsa domin wannan awo. Kafin a kunna da sababbin ƙwayaye, a juya maɓallin zuwa mafi sanyi, a haɗa lasifika, a mayar da ƙara sifili, a bar ampli ya yi zafi na minti 10 zuwa 15, sannan a riƙa ƙarawa a hankali. Ƙa'idar da ta cika intanet ita ce a tsaya a kashi 70 cikin 100 na iyakar ƙwan. Ga EL34 a kan bolt 450, kashi 70 na 25 shi ne wat 17.5, idan aka raba da 450 a sami miliampa kusan 39. Ga 6L6GC a kan bolt ɗin nan, wat 21 ne, wato miliampa kusan 47. Duk lokacin da aka ƙara wutar, bolt ɗin faranti na ɗan sauka, don haka sai a sake aunawa a sake lissafi. Abin da ake karantawa a katod ya haɗa da ƴan miliampa na raga ta biyu, wadda ke tsakanin ta farko da faranti a manyan ƙwayaye, amma wannan kuskure ne mai amfani, tunda yana sa a tsaya ƙasa kaɗan da abin da aka nufa.

Ba a bar sauran kashi 30 ɗin don ado ba. A irin wannan ampli zafin faranti na ƙaruwa idan aka fara kaɗawa da ƙarfi, kuma ragowar domin wannan ƙarin aka tanade ta. Ba a tanade ta domin hawan wutar bango ba, saboda waɗanda suka yi ƙa'idar ba su da wannan damuwa. Mu kuwa muna da ita. Wutar da NIGELEC ke rabawa gidaje bolt 220 ce a ƙa'ida, ko ta layin Birnin Kebbi ta zo ko daga tashar Goru Banda, amma abin da ke isa soket ya danganta da nisan gida daga taransifomar unguwa, da kaurin waya, da yawan na'urorin sanyaya ɗaki da ke kunne a lokacin, da kuma tsawon ralonj ɗin da aka ja daga gidan maƙwabta zuwa rumfar biki. Duk wanda ya taɓa barin mita a soket daga azahar zuwa tsakar dare a watan Afrilu ya ga yadda lambobin ke yawo. Inda kuma gurup ne ke ba da wuta, kamar a bukukuwan da ake yi nesa da layi a karkarar Tawa, bolt na iya tsalle a duk lokacin da aka kashe wani babban kaya da ke kansa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne zafin ƙwai ba ya bin wutar bango ƙafa da ƙafa, gaba yake yi ya bar ta. Duk bolt ɗin cikin ampli daga taransifoma ɗaya suke fitowa, don haka idan wutar bango ta hau da kashi 10, na faranti da na raga ta biyu da na bayas duk tare suke hawa da kashi 10. A bisa dokar da ke tafiyar da gudun ilektaron cikin kwalbar, wutar da ke ratsa ƙwan tana hawa da kusan kashi 15, kuma idan aka haɗa wannan da hawan bolt ɗin, zafin faranti ya ƙaru da kusan kashi 27. Ƙwan da aka ajiye a kashi 70 ya koma kusan 89 tun ba a taɓa igiya ba. A ɗauka kuma mai gyara ya yi reglaj ɗinsa da rana tsaka, lokacin da soket ɗin shagonsa ke ba da bolt 200, sannan aka kai ampli wurin da wutar ta kai 235 da dare. Wannan hawa ne na kashi 17.5, kuma a lissafi yana ninka zafin kusan sau ɗaya da rabi: kashi 70 ya zama 105, ƙwan ya wuce iyakarsa yana zaune. Da a kashi 55 aka ajiye shi, da ya tsaya wajen 82. Babu wanda ya yi ha'inci a wannan labari, mai gyara ya bi ƙa'ida, ƙwan ma na gaske ne. Abin da aka manta kawai shi ne auna soket.

Shawarata ga ampli da zai yi aiki a Yamai ko Tawa ita ce a tsaya tsakanin kashi 55 da 60, kuma a yi awon a kan wutar da ta yi kusa da mafi girman da ampli zai haɗu da ita, ko a kan regilater mai riƙe bolt a wuri ɗaya. Ga EL34 a kan bolt 450 wannan na nufin miliampa 31 zuwa 33, ga 6L6GC kuwa 37 zuwa 40. Zafin garinmu ma yana goyon bayan haka, ko da yake ba ta hanyar da ake zato ba. Ƙwai abu ne da aka yi domin zafi, digiri 42 na bazara shi kaɗai ba zai kashe shi ba. Waɗanda ke wahala su ne maƙwabtansa, wato taransifoma da kondansater masu ruwan sinadari a ciki, waɗanda masu ƙera su ke lissafin cewa duk ƙarin digiri 10 na rage rayuwarsu da kusan rabi. Ƙwan da ke shan wuta kaɗan yana rage gasa su.

Za a ce to ai sautin ne zai tafi, tunda domin sa aka sayi ampli. Ban yarda ba. Bambancin kashi 60 da 70 ƙarami ne a kunne, kuma abin da ke canjawa ya fi karkata ga yadda ampli ke saurin dagulewa, wanda makaɗanmu da yawa ba sa ma nema. Ƙaiƙayin giɓin nan sai an yi ƙasa sosai yake bayyana, kuma kamfanoni da dama da kansu a sanyaye suke fitar da ampli daga masana'anta domin ya daɗe. Hanyar tabbatarwa ita ce bayan an yi lissafi a ba makaɗi jitarsa ya kaɗa a hankali da kuma da ƙarfi, a saurari ƙarshen amon. Idan yana mutuwa sumul, an isa. Lasifika da ƙaramin ƙwai na farko da yatsun mai kaɗawa sun fi miliampa biyar tasiri nesa ba kusa ba.

Saukar wuta ma tana da nata ruɗin. A kan bolt 190, zaren da ya kamata ya sami 6.3 bai fi 5.4 yake samu ba, katod bai yi zafin da ya dace ba, sauti ya yi rauni ya dagule, sai makaɗi ya yanke hukuncin cewa ƙwayayensa sun ƙare alhali lafiyarsu lau. Ampli da ya zo daga Amurka kuma an yi shi ne domin bolt 120 da bugu 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 50 ce. Ko an sa masa taransifomar rage wuta, tasa ta ciki za ta fi zafi a nan. Idan na Turai ne mai maɓallin zaɓen 220, 230 ko 240 a baya, ajiye shi a kan 230 ko 240 ya fi aminci a inda wutar ke yawan hawa.

Akwai lokacin da bayas ba shi ne tushen cutar ba, kuma ya kamata a san kamanninsa. A rage hasken ɗaki a kalli farantin, ba jan zaren tsakiya ba, wanda shi dama haka yake. Idan wani tabo ja ya fara bayyana a tsakiyar farantin toka yana faɗaɗa, lasifika ta fara gurnani mai ƙaruwa, warin ƙura mai ƙonewa ya tashi, gilashin ya fara ƴan ƙararraki, a kashe nan take. Sannan a musanya wa ƙwayayen gurbi: idan jan ya bi ƙwan, ƙwan ne, idan ya tsaya a gurbin, ampli ne. Mai yiwuwa kondansater da ke kawo sigina kan raga ya fara yoyo yana cinye bayas, ko ramin ƙafa ta 5 ya saki har ragar ta rasa bolt ɗinta gaba ɗaya. A duba rezistans na raga ta biyu, om 470 a yawancin Fender, 1000 a Marshall da yawa, domin yakan ƙone tare da tsohon ƙwai. A duba mazaunin ma: ƙurar hunturu idan ta taru ta sha laimar damina tana buɗe wa wuta hanya tsakanin ƙafa ta 3 mai ɗaruruwan bolt da ta 2 ta zaren wuta, ta bar baƙin layin gawayi wanda gogewa ba ta maganinsa, sai an canja mazaunin. Fis kuwa, idan ya ƙone, magana yake yi. Naɗe shi da takardar sigari mai ƙyalli ko ɗaure shi da zaren waya domin a ƙarasa biki shi ne hanya mafi sauri ta mayar da asarar ƙwai ɗaya asarar taransifoma, wadda samunta a nan ya fi samun ƙwai wuya sau da yawa.

Ƙarancin kaya na sa a yi sha'awar cusa duk abin da ya shiga rami, kuma a nan ma akwai tarko. EL34 da 6L6 mazauninsu ɗaya, amma zaren EL34 ampa 1.5 yake ja, na 6L6 kuwa 0.9, bolt ɗin bayas ɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma ƙafa ta 1 da EL34 ke amfani da ita, a tsofaffin Fender an mayar da ramin ta wurin ɗaure wani rezistans. Ƙwayayen tsofaffin rediyo da talabijin da ake iya tsinta cikin tarkacen kasuwar Katako wani lokaci akwai alheri a cikinsu, domin rediyon Turai na da sun yi amfani da EL84 da ECC83, amma a kula da harafin farko: E na nufin zaren bolt 6.3, masu farawa da P ko U kuwa an yi su ne domin wani tsarin wuta daban, ba za su yi ba. Na zamanin Tarayyar Sobiyet ma haka: 6P14P na maye gurbin EL84, amma 6N2P, duk da kusancinsa da 12AX7, haɗin zarensa daban ne. Sababbin da ake yi yau daga wurare ƙalilan suke fitowa: masana'antar JJ a Sulobakiya, ta Saratov a Rasha wadda ke yin Sovtek da Electro-Harmonix da Tung-Sol na yanzu, sai wasu a Sin. Shi ya sa a 2022, da yaƙin Yukiren ya taɓa fitar da kaya daga Rasha, suka yi ƙaranci da tsada a duniya baki ɗaya, kuma mu da ke ƙarshen layin saye mun fi kowa dalilin tattalin wanda ke hannu.

Tattalin kuwa ya wuce ranar reglaj. Kada a kunna ampli mai ƙwai babu lasifika a haɗe, domin taransifomar fita na iya lalacewa, kuma om ɗin lasifika, 4 ko 8 ko 16, ya dace da ramin da aka soka ta. Bayan an tashi daga wasa a ba shi ƴan mintoci ya huce kafin a ɗora shi bayan kabu-kabu ko a but ɗin taksi, saboda ƙarfen ciki ya fi rauni yana da zafi. Idan tafiyar mai nisa ce, kamar Yamai zuwa Tawa, gara a zare manyan ƙwayayen a naɗe su cikin tsumma, a yi wa kowanne alamar gurbinsa. Kada a jingina bayansa da bango ko a rufe shi da zane don gudun ƙura yana kunne. Sababbin ƙwayaye kan ɗan sauya hali bayan sun fara aiki, don haka a koma a sake awo bayan wasanni kaɗan. A kowane awo mai gyara ya manna ƴar takarda a cikin akwatin, ya rubuta kwanan wata, da lambar ƙwan, da bolt ɗin faranti, da miliampa na kowane gurbi, da kuma bolt ɗin da soket ke bayarwa a daidai lokacin da aka auna.